Gorar da Inna Ta Ƙona

Ranar sunan 'yar Habiba na jiyo ku a tsakar gida kuna ƙyaƙyata dariya, wai kakarku ta taɓa ƙona littafin aljanu, wai shi ya sa uwarku ba ta zama farfesa ba. Ban tanka muku ba saboda akwai baƙi, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ban san wa ya ba ku labarin a haka ba, ko da yake ina da wadda nake zargi. Ba littafi ba ne, aljanu kuma ba ruwansu a ciki. Tunda na ɗauki alƙalami don in bar muku tarihina, ga yadda abin ya faru, har da inda ni kaina ba na fita da kyau.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta nazarin harshe. Muna gidanmu na Fagge, Baba yana shagon ɗinkinsa a bakin titi, Inna tana cikin gida. A layinmu kaf ni ce mace ta farko da ta shiga jami'a, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Wata rana malaminmu ya kawo mana maƙalar wani Bature a kan wasu mutane da ake kira Hanuno'o, mazauna duwatsun tsibirin Mindoro a ƙasar Filifin. Baturen ya zauna a cikinsu, ya koyi harshensu, ya gano cewa manyan sunayen launi a wurinsu huɗu ne kacal: mai duhu, mai haske, ja-ja irin na abin da ya bushe, da kuma kore-kore irin na abin da yake da danshi. Da yamma na tsaya a shago na ba Baba labari, don in burge shi. Yana zura zare a allura, bai ko ɗago ba.

"To mene ne abin mamaki? Mu ma ai in mai babbar riga ya zo yana son kore, ɗanyen haki yake cewa. Har jami'a kika je kafin a gaya miki wannan?"

Na ji haushi, amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Sunan ƙabilar ne. Na tabbata na taɓa jin sa. Sai da na kwana biyu sannan na tuna da Malama Lusiya, wadda ta koya mana lissafi a sakandare. A lokacin makarantun Kano cike suke da malamai 'yan Filifin. Ita ce ta taɓa ce mana, a tsakiyar wata hira, mahaifiyarta 'yar kan dutse ce, ta faɗi sunan ƙabilar, sannan ta yi sauri ta koma allo kamar wadda ta yi suɓutar baki. Na bincika aka ce tana nan a Sabon Gari, a saman wani tsohon bene, ɗaki ɗaya da falo. Na je da niyyar in yi mata tambayoyi a kan launi, in haɗa kundin digirina da su, in zama ɗalibar da ta samo mai jin Hanuno'o a tsakiyar Kano. Abin da ke raina ke nan, ba wani abu ba.

Ta karɓe ni da fara'a, ta amsa abin da ta iya. Harshen bai zauna mata sosai ba, na ƙuruciya ne, domin tana 'yar shekara tara aka sauko da ita daga dutse aka kai ta makarantar kwana ta mishan. A zuwana na uku ne ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe cikin tawul. Guntuwar gora ce, irin wadda ake kafa rumfa da ita, mai rami a ciki, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, ta yi baƙi-baƙi don tsufa. Jikinta duk an tsattsaga da tsinin wuƙa, layi-layi, wasu ƙananan zane masu kusurwa. Ta ce haka mutanen uwarta suke rubutu, da baƙaƙensu na kansu, a jikin gora, kuma yawanci waƙa suke rubutawa, kowane layi gaɓa bakwai. Wannan uwarta ce ta zana ta da hannunta ranar da za a tafi da ita. Layi goma sha ɗaya.

Na ce, "Me ta ce a ciki?"

Ta ce, "Ban sani ba, Asabe. Ba a koya mini karanta shi ba. A makaranta in aka san kai ɗan dutse ne dariya ake maka, sai na ɓoye. Kafin in yi hankalin da zan koma in tambaye ta, ta mutu."

Shekara kusan talatin tana yawo da maganar uwarta a akwati ba ta san me aka ce mata ba. Malamin da ke duba aikina ya taɓa karatu a waje, sai ya binciko mini wata takarda mai ɗauke da jerin baƙaƙen da sautin kowanne. Da ita muka fara aiki. Ni ba na jin harshen, ita ba ta iya karatun, sai muka haɗa ƙarfi. Ina duba zane, in nemo shi a takarda, in furta sautin. Ita kuma ta rufe ido tana maimaitawa, tana jujjuya shi a baki, har kalmar ta faɗo mata daga can ƙuruciya. Wani lokaci ta tafa hannu, wani lokaci ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Daga ƙasa ake fara karantawa a yi sama, sai da muka ɓata mako biyu kafin mu gane haka. Layi ɗaya yakan ci mana kwana goma. Tun ranar farko malamina ya ja mini kunne, ya ce duk abin da ba nawa ba ne, kuma babu irinsa biyu, in kwafe shi gaba ɗaya kafin in fara komai. Na ce to. Ban yi ba. Sai mun zo kan layi nake kwafe shi, wai don kada littafina ya yi datti da zanen da ban tabbatar ba. Ganganci ne kawai.

Mun karanta layi bakwai, saura huɗu, sai takardar ƙarewar kwantiraginta ta zo. Mako biyu ya rage mata a Kano. Huɗun da suka rage kuwa su ne suka fi dusashewa, ɗakinta kuma ba haske, benen maƙwabta ya tare taga. Ranar wata Alhamis ta naɗe gorar ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ki tafi da ita gida, ki kwafe sauran a hasken rana. Ban taɓa barin ta ta kwana wani wuri ba. Asabar ki dawo mini da ita."

Yanzu sai ku tsaya ku dubi abin ta idon Inna, domin ni ban duba ba a lokacin. Wata huɗu 'yarta tana fita kullum, ba jami'a ba, Sabon Gari, gidan wata baƙuwa da ba Musulma ba. Na rame, don na daina cin abincin rana. In na dawo sai in zauna a bakin rijiya da littafi ina rera wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Turancin da ta saba ji a bakina ba, ina kaɗa kai, ina ƙirga gaɓoɓi da yatsu. A yi mini magana ban ji ba. Sau uku, ina sane, ta tambaye ni. Ta farko tana tankaɗe, ta biyu tana yi mini kitso, ta uku ta biyo ni har ɗaki ta zauna a bakin gado.

"Asabe, wai me kike karantawa ne haka? Wane yare ne wannan?"

"Inna, aikin makaranta ne. Ko na gaya miki ba za ki gane ba."

Haka na ce mata, duka sau ukun. Kuma da na kawo gorar, maimakon in shimfiɗa tabarma a tsakar gida in ce Inna zo ki ga abin mamaki, sai na warware ta daga tawul, na naɗe ta cikin farin ƙyalle daga guntayen shagon Baba, na ɗaure da zare, na cusa ta can ƙarƙashin kayana a akwati. Ku faɗa mini, wace uwa ce a Fagge za ta ga abu a naɗe da farin ƙyalle, an ɗaure da zare, an ɓoye a ƙarƙashin tufafin 'yarta, jikinsa duk tsage-tsagen da ba na Alƙur'ani ba, ta ce aikin makaranta ne?

Da safiyar Juma'a na tafi jami'a aro gilashin da ke ƙara girman rubutu. Inna ta buɗe akwati neman zanen da za ta haɗa da wanki, ta gani. Ta aika unguwar Kwaciri aka kira Gwaggo Tabawa, yayar Baba, wadda a danginmu ita ce ake nema in abu ya rikice. Gwaggo ta duba, ta yi salati, ta ce sammu ne, an yi shi don a raba yarinya da iyayenta a tafi da ita wata ƙasa. Kuma kowa ya san ƙa'idar abin: wanda aka yi wa sammu ba a shawara da shi, domin shi ne zai fi kowa kare shi, zai yi kuka, zai yi rantsuwa, duk aikin asirin ne. Karya shi ake yi ba da saninsa ba, kafin ya dawo. Baba ya riga ya tafi masallaci. Suka karanta Falaƙi da Nasi, suka tofa, suka sa ta a murhu. Tsohuwar gora ce busasshiya, ba ta ɗauki lokaci ba. Tokar ma ba su bari ba, Gwaggo ta kwashe ta zuba a masai.

Na dawo bayan la'asar da gilashina, na buɗe akwati. Na zazzage kayan a ƙasa, na sake zazzagewa. Da na fito, Inna tana tsaye a ƙofar ɗakin girki, fuskarta da annuri, irin na wadda ta ɗauke wa ɗanta ƙaya.

"Kada ki nema, 'yar nan. Allah ya tona asirinsu. Mun ƙona."

Abin da na faɗa a tsakar gidan nan ba zan rubuta shi duka ba. Na yi ihu har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Gwaggo tana cewa, "Kin gani ko? Na gaya miki haka za ta yi." Wannan ya ƙara tunzura ni. Na dubi uwar da ta haife ni, a gaban mutane, na ce mata jahila. Baba ya shigo a kan haka. Bai taɓa dukana ba, ranar ma bai yi ba. Ya sa na yi bayani tun daga farko, a tsaye, kowa na ji: matar, uwarta, ranar rabuwa, layi huɗu. Ina magana ina ganin annurin nan yana barin fuskar Inna, har ta nemi turmi ta zauna a kai. Da na gama, Baba ya ce:

"Wannan bayanin da kika yi yanzu, minti nawa ya ɗauke ki?"

Ya nuna Inna da hannu.

"Kuma ga shi ta gane."

Gwaggo, da ta ga abin ya juye, sai ta kawo shawara: a ce ɓarayi sun fizge jakata a motar haya. Ni kuwa shaiɗan ya kawo mini wadda ta fi wannan muni. Na riga na iya baƙaƙen, na tara kalmomi masu yawa a littafina. Zan iya ƙirƙiro layi huɗu masu daɗi, na sa albarka, in ce na kwafe su kafin gorar ta ɓata. Malama Lusiya za ta tafi da zuciya a sanyaye, kundina ya tsira. Kada ku ce tunani kawai na yi. Da hantsin Asabar na zauna na rubuta layi biyu, kuma sun yi kyau. Ina kan na uku Inna ta ɗaga labule, sanye da mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa.

"Tashi ki kai ni wurinta."

Na ce, "Inna, ki bari ni zan san abin da zan gaya mata."

Ta ce, "Hannunki ne ya sa a wuta?"

Titi ne kawai ya raba Fagge da Sabon Gari, amma tunda aka kawo Inna gidan Baba ba ta taɓa tsallaka shi ba. Muka bi ta gefen kasuwar Singa, masu tura kura suna ta yi mana ihu mu kauce, tana riƙe da gefen mayafina. Na yage shafin ƙaryar na jefa a kwata a hanya, ba don na zama mutuniyar kirki ba, sai don na san ba zan iya karanta shi a gabanta ba. Muka hau benen. Falon duk akwatuna a ɗaure. Malama Lusiya ta ga hannuna ba komai, ta ga tsohuwa a bayana, murmushinta ya tsaya. Ta jawo wa Inna kujera, Inna ta ƙi, ta durƙusa a kan siminti. Ta ce in fassara kalma da kalma, kada in gyara mata magana. Ta faɗi abin da ta yi, ba ta ambaci Gwaggo ba, ba ta ambaci abin da na ce mata ba. Ta ce, "Na zaci za ki raba ni da 'yata ne. Ashe ni ce na raba ki da uwarki."

Malama Lusiya ba ta yi kuka ba. Ta je taga ta tsaya tana kallon bangon maƙwabta, ta ba mu baya. Sai Inna ta tambaye ni me layi bakwai ɗin suka ce. Na faɗa mata da Hausa, iyakar yadda muka fahimta. Uwar tana cewa 'yarta za ta gangara, ita ba ta hana ba. Ta ƙunsa mata shinkafa a ganye. Hanya tana da santsi bayan ruwa, ta riƙa kama saiwa. Kada ta waiwayo don ta ji kukan tsuntsu. Layi na bakwai ya ce, idan kika isa inda rafi ya rabu biyu. A nan muka tsaya. Abin da za ta yi idan ta isa yana layi na takwas.

Inna ta share ido ta ce, "Gaya mata sauran addu'a ce. Kowace uwa da addu'a take rufewa."

Ban kai ga fassarawa ba, Malama Lusiya ta juyo. Ashe ta ji. Ta amsa da 'yar Hausarta ta cefane:

"A'a, Mama. Ba ki san uwata ba."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya ne." Can sai Malama Lusiya ta ce in tambayi Inna, kafin ta sa gorar a wuta, ta kalle ta? Inna ta ce ta kalla, ta daɗe tana kallo kafin Gwaggo ta iso. Kun san Inna ba ta yi boko ba, amma shekara da shekaru tana ɗinkin hula, in ta ga zane sau ɗaya a kan wani a hanya takan dawo gida ta fitar da shi. Ta karɓi fensirina, ta riƙe shi kamar allura, ta zana a bayan littafina. Ɗaya, biyu, uku. Duka ukun baƙaƙen Hanuno'o ne na gaske, na same su a takarda. Ta ce daga gefen da ya dusashe suke, amma ba ta san ko a jere suke ba, ko wanne ne a gaba. Na furta su ta kowace fuska, Malama Lusiya ta rufe ido tana saurare. Ba abin da ya faɗo mata. Inna ta ɗora fensir za ta yi na huɗu, ta tsaya, ta ce yana nan a idonta amma ya ƙi fitowa.

Malama Lusiya ta karɓi littafin gaba ɗaya, da layi bakwai ɗin, da kalmomin da na tara wata huɗu. Ta ce tana roƙona kada in rubuta komai a kan uwarta don a ba ni maki. Na ce to, kuma wannan karon na cika. Ta rubuta mini adireshin wata 'yar'uwarta a guntuwar takarda. Ranar tafiyarta Baba ya rufe shago ya kai mata kaya tashar jirgin ƙasa, za ta bi ta Ikko. Ta gaisa da shi, ta gaisa da ni da hannu, ba ta rungume ni ba. Kundina kuwa na sake shi daga tushe, na yi a kan sunayen launin zare a bakin telolin Fagge, na ci da ƙyar, malamina bai ƙara nemana da maganar ci gaba da karatu ba. Na shiga koyarwa, a nan na ƙare, kuma ban yi nadamar wannan ba. Na nemi gafarar Inna, ta ce ta yafe tun a ranar. Amma har ta koma ga Allah ba ta ƙara tambayata komai game da karatu ba, ko da wasa.

Shekara goma sha tara Inna ta yi a duniya bayan wannan. Bayan addu'ar bakwai muna raba kayanta, na buɗe babbar kwallarta ta ƙasa, na tarar da takardu a ɗaure da zaren hula, tuli guda: takardar buhun siminti, bayan kalanda, kwalin sukari da aka buɗe. Kowacce da zane huɗu. Ukun farko iri ɗaya ne a ko'ina, ba kuskure. Na huɗun kuwa kowace takarda da irin nasa, wani an goge shi har takardar ta huje. Na kai wa Baba, lokacin idonsa ya fara rauni, ya shafa su da hannu.

"Ai ba ta daina ba. In ta gama aikin safe sai ta zauna da fensir. Ta ce ranar da ta tabbatar da na huɗun za ta ba ki ki aika wa yarinyar nan, tunda kina da adireshi."

Wasiƙar da na aika wa Malama Lusiya tun shekarar farko ta dawo mini bayan wata biyar, da hatimi a bayanta cewa ba a san mai wannan suna ba a wurin. Na jefa ta a akwati. Ban gaya wa Inna ba, don a ganina ba abin da ya dame ta ba ne.